Mabuɗin rumbun sadarwa: wa ya cancanci riƙe shi a sashen Hausa?

Sassan nazarin harsuna da dama sun daina tara kaset da fayafayai a cikin kabad. Hirarrakin da ɗalibai suka naɗo daga bakin tsofaffi, da waƙoƙin baka, da hotunan rubuce-rubucen ajami, da kundayen digiri, duk ana zuba su ne cikin wani ɗan akwatin lantarki mai ɗauke da faifan ajiya biyu ko huɗu, wanda ake haɗawa da sauran kwamfutocin sashe. A kasuwa ana kiransa NAS; mu a nan za mu kira shi rumbun sadarwa. Waɗanda suka fi fice su ne na Synology da QNAP, kamfanoni biyu na Taiwan. Ra'ayina shi ne, ikon shiga cikin cikin wannan rumbu a gyara fayilolin saitinsa haƙƙin masu kayan ne, wato malamai da manyan ɗaliban sashe, kuma kuskure ne a bar shi a hannun mai gyara na waje shi kaɗai. Dalili kuwa, yawancin muryoyin da ke ciki ba za a sake samunsu ba, domin masu su sun riga mu gidan gaskiya.

Rumbun nan cikakkiyar kwamfuta ce mai aiki da Linux, kuma ƙofofinsa biyu ne. Ta farko ita ce shafin da kamfani ya ƙawata da maɓallai, inda ake buɗe wa mutum asusu ko a raba manyan jakunkuna. Ta biyu kuwa ana kiranta SSH, baƙin allo ne da ake rubuta umarni a kai, bisa al'ada ta mashiga mai lamba 22. A tsarin Linux akwai asusu guda da ya fi kowane iko, sunansa root, ma'anarsa saiwa, kamar dai saiwar kalma da kuka sani a darasin ƙirar kalma: daga gare ta komai ya tsiro. Fayilolin saiti, waɗanda galibi ke zaune a jakar /etc, shi ne mai ikon rubutu a cikinsu.

A na'urorin Synology, da can mutum na iya shiga da sunan root kai tsaye. Daga fitowar DSM 6.0 a shekarar 2016 aka rufe wannan hanya. Yanzu sai ka kunna SSH a shafin saiti, ka shiga da asusun da ke cikin rukunin masu gudanarwa, ka rubuta sudo -i, sannan ka sake sa kalmar sirrinka. Idan alamar $ ta koma #, to ka zama saiwa. A QNAP kuwa asusun admin shi kansa yana da wannan iko, shi ya sa kamfanin ke ba da shawarar a kashe shi a buɗe wani mai suna dabam. Abin da ake yi wa kallon sirrin ƙwararru ke nan, bai fi aikin minti biyar ba. Wahalar tana bayan shiga.

Mu ɗauki matsalar da ta fi shafar mu, wato haruffa masu ƙugiya. Ɗalibi ya ajiye fayil mai suna "hira da maƙera", washegari ya buɗe a wata kwamfutar ya ga alamar tambaya ko ɗan akwati a gurbin ƙ. Sai ya bincika intanet, ya ga an ce a buɗe smb.conf, fayil ɗin saitin manhajar Samba mai raba fayiloli ga kwamfutocin Windows, a sauya layukan da ke fayyace tsarin haruffa. Abin da ba a gaya masa ba shi ne, tun fitowar Samba 3.0 a 2003 manhajar ke aiki da Yunikod, kuma ɓ da ɗ da ƙ da ƴ kowanne yana da gurbinsa a ciki. Ƙaramin ƙ, alal misali, lambarsa U+0199. Saboda haka sau tari laifin ya faru ne tun kafin fayil ya iso rumbu: ko an buga sunan da tsohon salon haruffa irin wanda ke ɗora ƙ a gurbin wani harafi, ko kuma an dunƙule fayilolin da tsohuwar manhajar zip da ba ta san Yunikod ba. Wanda ya sauya tsarin haruffan rumbu gaba ɗaya don gyara suna guda zai iya rikita sunayen dubban fayilolin da suke lafiya lau. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Gyara sunan fayil ɗin da hannu ya wadatar, kuma ba ya buƙatar ikon saiwa ko kaɗan.

Akwai kuma wani abu da ke ba sababbin shiga mamaki, gyaran da suka yi yakan ɓace. QNAP tana ɗora ginshiƙin tsarinta ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi duk lokacin da aka kunna na'ura, don haka abin da aka sauya a jakunkunan tsarin, in ban da wurare kaɗan irin /etc/config, yakan koma yadda yake da zarar an sake kunnawa. A garuruwanmu da wuta ke ɗaukewa ba sallama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A Synology sabunta DSM na iya rubuta sabon fayil a kan wanda ka gyara. TrueNAS kuwa tana ajiye saitinta a kundin bayanai, ta sake ƙirƙiro fayilolin daga can. Duk abin da za a iya yi ta shafin maɓallai, a yi shi a can, domin shi ne na'urar ke tunawa.

To idan haɗarin ya kai haka, me ya sa ba za a bar wa mai gyara ba? Wannan ita ce hujjar abokan aikina da yawa, kuma ba ta rasa ƙamshin gaskiya. Amsata tana cikin tarihin hare-haren da aka kai wa waɗannan na'urori. A 2014 SynoLocker ya kulle fayilolin masu Synology. A watan Afrilun 2021 Qlocker ya riƙa dunƙule fayilolin masu QNAP cikin jakunkuna masu kalmar sirri, sannan a Janairun 2022 DeadBolt ya biyo baya yana neman fansar bitkoyin 0.03 a kan kowace na'ura. Dukkansu sun bi ta ɓarakar manhaja ne a rumbunan da aka bari a buɗe ga intanet. Toshe irin wannan ɓaraka aikin mai gudanarwa ne: sabunta manhaja, rufe mashigai, duba ko kwafin ajiya na biyu yana tafiya. Idan mai riƙe da mabuɗin ya koma wani gari, ko kwangilarsa ta ƙare, babu mai yin ko ɗaya daga cikin waɗannan, rumbu kuma yana can yana kyafta fitilunsa kamar komai lafiya. Faifai biyu masu kwafar juna ba sa hana wannan asara, domin abin da ya kulle na farko shi zai kulle na biyu.

Wasu za su ce ai akwai ɗan maɓallin da ke bayan akwatin. Haka ne, a Synology idan aka danne shi kamar daƙiƙa huɗu har ya yi ƙara, za a iya sa wa admin sabuwar kalmar sirri ba tare da an taɓa fayiloli ba. Amma jakar da aka kulle da mabuɗin ɓoye bayanai ba za ta buɗu da wannan dabara ba. Ƙari a kan haka, wannan na nufin duk wanda hannunsa ya kai ga akwatin ya kusa zama mai gudanarwa, don haka ɗakin da rumbu yake ya cancanci kwaɗo mai kyau.

Abin da nake kira gare shi bai da tsada. A sami mutum biyu daga cikin sashe, kowa da asusunsa da sunansa, a rubuta kalmomin sirri da mabuɗan jakunkuna a rufe cikin ambulan a ajiye wurin shugaban sashe. Mai gyara ya ci gaba da aikinsa, amma da asusun da sashe ya buɗe masa. Kafin a taɓa kowane fayil ɗin saiti a kwafe shi da umarnin cp, a sa wa kwafin kwanan wata. A kuma tanadi littafi na takarda kusa da rumbun, a rubuta wane layi aka sauya, da dalili, da sunan wanda ya sauya. Littafin ya zama dole ne saboda sudo -i yakan rubuta cewa wane ya zama saiwa a lokaci kaza, amma ba ya lissafa abin da ya aikata bayan nan. In an gama, a koma shafin saiti a kashe SSH kafin a tashi daga kujera.