Ido Ke Ganin Launi, Ko Harshe Ke Nuna Masa?

Idan marini ya tsoma yadi a cikin baba, ya fitar, ya sake tsomawa har rini ya kama sosai, aka kai mabuga aka buge shi yana walƙiya, Bahaushe yakan dube shi ya ce baƙi ne. Bature kuwa da zai tsaya a bakin marinar nan, cewa zai yi shuɗi ne mai duhu. Haka kuma Baturen da ke kiran kansa fari, mutanen da mai jan kunne suka kira shi. To, tambayar da ta daɗe tana wahalar da masana ita ce: shin idanun mutanen nan biyu ne suka bambanta, ko kuwa bakunansu ne kawai?

Wanda ya fara tayar da ƙurar nan shi ne William Gladstone, wanda daga baya ya yi Firayim Ministan Ingila har sau huɗu. Cikin shekarar 1858 ya buga nazarinsa a kan waƙoƙin Homer, tsohon mawaƙin Yunanawa. Ya lura mawaƙin ya ambaci baƙi wajen sau 170, fari wajen sau 100, ja kuwa sau 13 kacal. Ya kwatanta teku da ruwan inabi, amma ko sau ɗaya bai kira sama shuɗiya ba. Sai Gladstone ya yanke hukunci cewa ganin mutanen wancan zamani bai nuna ba tukuna. A 1877 wani likitan ido na Jamus, Hugo Magnus, ya ƙara gishiri, ya ce idon ɗan Adam a hankali ya koyi ganin launuka, ya fara da ja, shuɗi ne na baya-bayan nan.

Wannan magana ba ta tsaya a kan matattu ba. Nan da nan aka juyo da ita kan rayayyu, aka ce duk al'ummar da harshenta ba shi da sunan wani launi, to, idonta bai kai ya gan shi ba. A 1878 aka kai waɗansu Nubawa daga ƙasar Sudan gidan namun daji na birnin Balin, jama'a na biya suna kallonsu. Masana suka tafi suka jarraba su, cikinsu har da shaihun likitan nan Rudolf Virchow. Aka tarar sunayen launukansu sun sha bamban da na Jamusanci, amma da aka zube musu launuka aka ce su ware, ba su yi kuskure ba. Watau rashin suna ba makanta ba ne.

Ilmin zamani ya tabbatar da haka. A bangon bayan idon mutum akwai ƙwayoyi iri uku masu karɓar hasken launi, kuma daga gwargwadon motsin kowane iri ƙwaƙwalwa ke haɗa abin da ake gani. Ginin nan ɗaya ne ga Bahaushe da Bajamushe. Abin da babu shi a cikin haske shi ne iyaka. Mai karatu ya dubi bakan gizo da kyau, zai ga ja ya narke cikin ruwan ɗorawa, shi kuma ya narke cikin kore, ba tare da wata katanga ba. Isaac Newton ma, wanda ya tsaga hasken rana da gilashi mai kusurwa uku a 1666, launi biyar ya fara ƙirgawa. Daga baya ya ƙara biyu, suka zama bakwai, domin su dace da matakan sautin kiɗan Turawa. Bakwai ɗin da ake haddacewa a makaranta ƙidayar mutum ce.

Ashe ke nan gona ɗaya ce, kowane harshe da inda ya kafa iyakokinsa. Sai dai kafawar ba ta ganin dama ba ce. A 1969 malamai biyu na Jami'ar Kaliforniya, Brent Berlin da Paul Kay, suka auna harsuna 98, suka ce akwai jeri. Harshe mai sunan launi biyu, fari da baƙi ne. Idan uku ne, na ukun ja ne. Sa'an nan kore da ruwan ɗorawa, shuɗi kuwa sai daga baya. An yi wa jerin nan gyare-gyare, amma mai jin Hausa zai ga alamarsa a bakinsa. Fari da baƙi da ja su ne suka shiga har cikin zuciya: farin ciki, baƙin jini, jan hali. Ba a taɓa jin shuɗin ciki ba. Launuka da dama kuwa aro aka yi musu daga abin da ido ya saba da shi: ruwan toka, ruwan goro, ruwan ƙasa, ruwan hoda.

To, shin iyakar da harshe ya kafa tana taɓa gani? Tana taɓawa, amma kaɗan. Mutanen Rasha suna da suna dabam ga shuɗi mai haske, da wani ga mai duhu. Cikin wata jarrabawa da aka buga sakamakonta a 2007, an ga sun fi saurin rarrabe shuɗi biyu idan kowanne na ƙarƙashin sunansa. Bambancin bai kai daƙiƙa guda ba, kuma da aka sa su riƙa maimaita lambobi a zuci, sai ya ɓace. Suna yana taimakon ido ne kamar yadda sanin sunayen shanu ke taimakon makiyayi. Ba ya ƙara masa saniya, amma yakan sa ya yi saurin gane wadda ta ɓata.

Akwai kuma waɗanda bambancin nasu a ido yake da gaske. John Dalton, masanin kimiyya na Ingila, ya bayyana a 1794 cewa shi da ɗan'uwansa ba sa ganin launuka yadda sauran jama'a ke gani. Ya yi wasiyya a duba idanunsa bayan ya mutu, kuma a 1995 aka bincika ragowarsu aka tarar iri ɗaya daga cikin ukun nan babu shi. Gado ne, ya fi kama maza, kuma mai shi yakan girma yana kiran ganye kore kamar kowa, alhali bai san ganinsa dabam ne ba. Tun wajen 1690 John Locke ya nuna cewa ba mai iya shiga zuciyar wani ya duba ko shuɗinsa irin nasa ne. Suna aka haɗa, ba gani ba.

Saboda haka akwai jan hankali biyu ga malaman firamare da iyaye. Yaron da kullum yake rikita ja da kore, kada a yi saurin ɗaukar masa bulala ana ce masa daƙiƙi. Asibitin ido ya kamata a kai shi. Na biyu, yaran birni da yawa yau sun san yalo da bulu, amma idan aka ce rawaya, ko tsanwa, ko algashi, sai su yi tsuru-tsuru. Idonsu lafiya lau, amma iyakokin gonar kakanninsu ne ke shafewa. Wanda ya raina Nubawa saboda harshensu ya yi kuskure, wanda kuma ya bar nasa ya zube ya yi asara. Allah Ya ba da ikon lura.