Fankokin Lantarki Da Barcin Maƙwabta



Duk wanda ya taɓa zaman karatun jarrabawa da dare, janaretan maƙwabta na ruri a bayan taga, ya san yadda ƙara ke cin rai. Shi ya sa da an ce za a samo lantarki daga iska sai mu hau murna: babu fetur, babu hayaƙi. Amma akwai tambayar da ba mu cika yi ba: mutumin da gidansa ke kusa da waɗannan manyan fankoki, yana samun barci kuwa?

Maganar ba ta Turai kaɗai ba ce. A Lambar Rimi ta Jihar Katsina an kafa fankoki 37 da aka tsara su ba da megawat 10. A Senegal akwai guda 46 a Taiba Ndiaye, Kenya kuma na da 365 kusa da tafkin Turkana. Arewacinmu na cikin yankunan da suka fi samun iska a Najeriya, don haka ba mamaki mu ga ƙarin irinsu.

Yawancin ƙarar daga fukafukan take fitowa yayin da suke yanka iska, domin bakin fiffiken babbar fanka kan yi gudun sama da kilomita 200 a awa. A nisan 'yan ɗaruruwan mitoci, ƙarfin sautin bai kai na hirar mutum biyu ba. Matsalar ita ce yanayinsa: yana tashi yana sauka, fuu, fuu, kusan sau ɗaya kowace daƙiƙa. Ku tuna famfon da ke ɗiga cikin bokiti da tsakar dare. Ba shi da ƙarfi, amma kunne ba ya iya mantawa da shi. Da dare ma abin ya fi fitowa, saboda iskar ƙasa takan kwanta, gari ya yi tsit, alhali can sama tana ci gaba da juya fukafukan.

To, yana sa ciwo? A 2014 hukumar lafiya ta Kanada ta fitar da sakamakon binciken da ta yi a gidaje 1,238 na kusa da fankokin. Ba ta sami alaƙa tsakanin ƙarar da cututtuka irin su hawan jini ko ciwon kai mai tsanani ba, haka ma lalacewar barci gaba ɗaya. Abin da ta tabbatar shi ne, iya ƙaruwar ƙarar, iya yawan masu cewa ta takura musu matuƙa. A Finlan kuma, wani bincike na 2020 ya gwada sautin nan mai zurfi da kunne ba ya ji, wanda ake yawan zargi, sai aka ga mahalarta ba su iya gane lokacin da aka kunna shi ba.

Kada mu ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa masu ƙorafi ƙarya suke yi. Takura ta yau da gobe ba ƙaramin abu ba ce, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarin da ta ba ƙasashen Turai a 2018, ta ce a riƙe matsakaicin ƙarar fankokin ƙasa da desibel 45. Ƙasar Danmak ta wajabta a bar tazarar da ta ninka tsayin fanka sau 4 tsakaninta da gidan zama, jihar Bavariya ta Jamus kuwa ta kai shi sau 10 a dokarta ta 2014.

Binciken da ya fi jan hankalinmu shi ne na ƙasar Holan da aka wallafa a 2009. Ya nuna cewa mutanen da ke samun kuɗi daga fankokin ba su cika jin sun takura ba, duk da cewa ƙarar ta fi yawa a gidajensu. Wannan mun san shi tun a unguwa. Ƙarar injin niƙa ba ta damun mai shi kamar yadda take damun maƙwabcinsa. Yanzu ku ƙaddara ƙauyen da aka karɓi gonakinsa, fanka na juyawa a kansa dare da rana, wayoyi sun wuce da wutar birni, shi kuwa yana kwana da fitilar batir. Wace ƙara ce ba za ta yi masa zafi ba?

Muna son lantarkin iska, kuma muna buƙatarsa. Sai dai a cikinmu ne gobe za a sami injiniyan da zai zaɓi wurin kafa fanka, da lauyan da zai rubuta yarjejeniyar fili, da jami'in da zai sa hannu. Najeriya na da dokar auna tasirin manyan ayyuka ga muhalli tun 1992, kuma ta tanadi a baje rahoton ga jama'a su yi tsokaci. Idan irin wannan aiki ya zo garinmu, mu da muka iya karatu mu nemi rahoton, mu fassara wa iyayenmu, mu kuma yi tambayoyi uku: mita nawa ne daga fanka zuwa gida mafi kusa? An auna ƙarar da dare, ko da rana kawai? Mutanen garin za su sami wutar?

Ku turo mana ra'ayoyinku, musamman ɗaliban yankin Rimi da suka taɓa tsayawa kusa da fankokin. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.