Karkarwar Ƙwayar Zarra da Tsagewar Tukunya

Maginan tukwane a Tsafe da Bungudu sun san gaggawar wuta tana tsaga tukunya. Ɗaya daga cikin dalilan yana cikin ƙanƙarar dutsen da ke gauraye da yumɓu. Zafi yana ƙara wa ƙwayoyin zarrarta karkarwa, har a digiri 573 na ma'aunin Salshiyas su sauya jeri, ƙanƙarar ta kumbura farat ɗaya. Tun 1940 Raman da Nedungadi suka gano a Indiya cewa wani salon karkarwar yana rage sauri gab da wannan sauyi. Ya kamata Jami'ar Tarayya ta Gusau ta auna zafin wutar magina, ta bayyana musu wannan ilimi da Hausa, domin fashewar tukunya asarar cefanen gida ce.