Na'urar da Ke Ta da Kanta Daga Suma

Duk wanda ya fito daga unguwar Sa'alaba ya tsaya bakin teku a Jidda, abin da zai gani a Bahar Maliya shi ne ruwa da jiragen kaya. Amma arewa da birnin, tafiyar kamar mil 50, a garin Suwal, akwai Jami'ar Sarki Abdullahi ta Kimiyya da Fasaha, wadda aka buɗe a shekarar 2009. Masananta sun saki waɗansu 'yan ƙananan jirage cikin wannan teku, ba matuƙi ba fasinja, suna yin makonni suna nitso suna tasowa, suna auna zafin ruwa da gishirinsa. Kwamfuta ce ke tuƙa su.

To, ita kwamfuta takan cije. In ta cije a ofis, sai a kashe ta a sake kunnawa. Amma wa zai miƙa hannu ga wadda ke ƙarƙashin teku, inda ko saƙon rediyo ba ya ratsa ruwan gishiri? Dabarar da injiniyoyi suka yi ita ce, sukan sa wani ɗan agogo ya zama mai gadi. Kwamfuta ta riƙa taɓa shi a kai a kai, watau tana ce masa tana nan da rai. In lokaci ya wuce bai ji ta ba, sai ya kashe ta ya sake ta da ita, ba da iznin kowa ba.

Dabara ce mai kyau, amma akwai masu dogara da ita fiye da kima. Ta da kwamfuta kamar yayyafa wa wanda ya suma ruwa ne: ya farfaɗo, cutar kuwa tana nan.

Shaidar wannan ta zo daga nesa ƙwarai, daga duniyar Mars. A watan Janairu na 2004 hukumar NASA ta Amurka ta saukar da wata motar bincike a can, sunanta Spirit. Ran 21 ga watan sai ta daina ba da labari sosai. Ashe fayiloli ne suka yi wa ma'ajiyarta yawa. Duk sa'ad da ta tashi, sai ta shiga lissafa su, wurin aikinta ya cika, ta faɗi, ta sake tashi. Haka ta yi ta yi, fiye da sau 60 cikin kwana uku, ba ta barci da dare, batirinta yana ƙarewa. Abin da aka sa don ya cece ta, shi ya tasam ma halaka ta.

Abin da ya fisshe ta, waɗanda suka ƙera ta sun bar wata 'yar ƙofa. Aka aika mata umarni ta tashi ba tare da ta taɓa ma'ajiyar ba. Ta natsu, aka share fayiloli, aka gyara. Motar da aka tsara wa aikin kwana 90 ta yi ta magana da duniya har watan Maris na 2010.

Saboda haka duk jami'a ko hukumar da za ta zuba dukiya kan irin waɗannan na'urori, a Jidda ne ko a gida Nijeriya, kada ta gamsu don mai sayarwa ya ce na'urar tana ta da kanta. Ya kamata a tambaye shi, in ta tashi ta sake faɗuwa sau goma fa? Tana rubuta dalilin faɗuwarta? Za ta daina aiki ta saurari mutum?

Jirgin Bahar Maliya ya fi Spirit sa'a da abu guda: ana iya aika kwalekwale a ɗauko shi. Amma sai in ya taso, ya ɗaga eriyarsa, ya faɗa wa tauraron ɗan Adam inda yake. Akwai wuri a tekun nan, tsakanin Jidda da gaɓar Sudan, da zurfinsa ya wuce ƙafa 6,000.