Me ya hana Cleveland Browns samun tsayayyen jagora?

Tun da ƙungiyar Cleveland Browns ta koma gasar NFL ta ƙwallon zari-ruga irin na Amurka a 1999, 'yan wasa fiye da 40 ne suka fara mata wasa a matsayin kwatabak.

Kwatabak shi ne ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, ya karanci tsayuwar abokan hamayya, kana ya jefa ko ya miƙa ta. Idan ya yi rauni, ƙwarewar sauran goman da ke fili ba ta cika amfani ba.

Har riga aka taɓa ratayewa a tagar wani ofishi a birnin Cleveland, ana soke sunan wanda ya tafi ana ƙara na sabo, abin dariya ya koma abin takaici.

A gasar NFL ba a faɗawa rukuni na ƙasa. Ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ma ita ke fara zaɓe cikin matasan da suka fito daga jami'o'i. Saboda haka Browns ba ta rasa dama ba.

Ta ɗauki Tim Couch a matsayi na ɗaya a 1999, ta jefa shi fili ba tare da ƙaƙƙarfar katangar masu kare shi ba. Sau 56 aka kayar da shi da ƙwallo a hannu a kakarsa ta farko. Brady Quinn a 2007, da Brandon Weeden a 2012, da Johnny Manziel a 2014 duk a zagayen farko aka ɗauko su, kuma babu wanda ya daɗe. A 2016 wasa ɗaya ƙungiyar ta ci, a 2017 kuwa ta sha kashi a dukkan wasanninta 16.

Cinikin Watson

Kuskure mafi tsada dai ya zo ne bayan al'amura sun fara daidaita.

Baker Mayfield, wanda aka ɗauka a 2018, ya kai ta ga doke Pittsburgh Steelers a zagayen sili-ɗaya-ƙwale a Janairun 2021, nasara irinta ta farko tun kakar 1994. Amma da ya yi kaka guda yana fama da ciwon kafaɗa, sai shugabanni suka juya masa baya.

A 2022 suka bai wa Houston Texans damar zaɓensu ta zagayen farko ta shekaru uku domin karɓo Deshaun Watson, suka kuma lamunce masa dala miliyan 230 cikin shekaru biyar, ko ya yi wasa ko bai yi ba. Abin mamaki, da damar zaɓen da Browns ɗin ta sayar mata ne Houston ta ɗauki Watson a 2017.

An dakatar da shi wasanni 11 bisa zarge-zargen lalata da mata da dama suka yi masa, waɗanda ya musanta. Kafaɗarsa ta samu rauni a 2023, agararsa ta tsinke a 2024. A 2025 mai ƙungiyar, Jimmy Haslam, ya amsa cewa cinikin bai yi riba ba.

Shi kuwa Mayfield sai ya farfaɗo a Tampa Bay. Wannan na nuna cewa ba kullum laifin ɗan wasan ba ne.

Ina mafita?

Tun da gasar ta ƙayyade jimillar albashin da kowace ƙungiya za ta biya, duk dalar da ta tafi ga Watson an rage ta ne daga masu tare masa da masu cafe ƙwallo. Hanyar da ta rage ita ce matashi mai arhar albashi, a kashe rarar wajen gina katanga a gabansa, a kuma bar shi da koci ɗaya na wasu shekaru.

Green Bay Packers ta gwada hakan. Aaron Rodgers ya yi shekaru uku a benci yana kallon Brett Favre, Jordan Love ma ya yi uku a bayan Rodgers. Mutum uku ke nan suka riƙe gurbin tun daga 1992.

Browns ta ɗan nufi wannan hanya a 2025, lokacin da ta sayar wa Jacksonville matsayi na biyu domin samun ƙarin zaɓin zagayen farko a 2026, ta kuma ɗauko Dillon Gabriel da Shedeur Sanders.

To sai dai tsohon hali bai bar ta ba. A kakar 2025 kaɗai mutum uku suka fara wasa: Joe Flacco, wanda aka sayar wa Cincinnati a watan Oktoba, sai Gabriel, sai Sanders. Wasanni biyar ta ci, kuma a Janairun 2026 aka sallami koci Kevin Stefanski, wanda sau biyu yana zama gwarzon kocin gasar.