Daga Rumbunmu: Yadda ƙwaron wake ke hayayyafa

Uwargida kan yi mamakin yadda waken da ta adana lafiya lau yake komawa gari. To, asirin yana ga hayayyafar ƙwaronsa. Allah Ya halicci namijin da ƙananan ƙayoyi a al'aurarsa, har yakan raunata macen yayin barbara, ita kuwa ta yi ta harbinsa da ƙafafun baya. Sai ta ajiye maniyyin a wata 'yar jaka a cikinta. Barbara ɗaya ta isa ta saka ƙwai masu yawa, tana liƙa su jikin wake tun daga gona. Tsutsa ta huda ƙwayar, cikin kusan wata guda ta fito ƙwaro. Saboda haka a shanya wake sosai, a zuba a mazubin da iska ba ta shiga, a rufe ruf.