Zaren Ɗinke Rauni: Haƙƙin Majinyaci a Kan Jama'ar Masallaci



Godiya ta tabbata ga Allah Mai saukar da cuta da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ɗan'uwa mai karatu, na tabbata ka san wannan mutumin. Liman ya sallame salla, ba a ko gama tasbihi ba, sai ya miƙe daga sahun baya, riƙe da wata takarda da ta sha ninki har ta fara yagewa. Ya yi sallama da murya ƙasa-ƙasa, ya ce iyalinsa na kwance a asibiti, likita ya rubuta magani, shi kuwa ba shi da ko dala. Wasu su sunkuyar da kai, wasu su laluba aljihu, wasu su tashi neman takalmansu. Daga Birni zuwa Zango, daga Garin Malam zuwa Kara-Kara, da wuya a sami masallacin da bai ga irin wannan tsayuwar ba.

A damanar da ta wuce, a masallacin unguwarmu, an tara wa wani bawan Allah jika 3 da 'yan canji, alhali takardar da ke hannunsa ta jika 14 ce. Ni ma na ba da abin da bai taka kara ya karya ba, na koma gida zuciyata wasai, ina ganin na yi sadaka. Bayan kwana huɗu muka yi wa matar salla. A zaman makoki kuwa na ga shinkafa, na ga goro da dabino, na ga kuɗin gaisuwa ana ta miƙawa, abin da ya ninka kuɗin takardar nan sau da yawa. Ban ce magani yana hana ajali ba, Allah Ya kiyashe ni da faɗin haka. Amma ba a kan ajali za a tambaye mu ba. Za a tambaye mu a kan abin da yake hannunmu ranar da mutumin ya miƙe.

Tun daga ranar nake jujjuya wata mas'ala da muka wuce ta a zaure muna ɗalibai, ba mu ma tsaya a kanta ba. A cikin Muhtasar na Shaihu Halilu, littafin da malamanmu na Damagaram suka gāda kaka da kakanni, can a babin yanka da farauta, inda ba ka zaton za ka gamu da ita, an kawo hukuncin mutumin da yake da zare a hannunsa, ga kuma wani an yi masa rauni mai zurfi a ciki, ba abin da zai cece shi sai a ɗinke. Idan mai zaren ya hana, mai raunin ya mutu, to lamunin ransa yana wuyan mai zaren, kuma masu sharhi sun yi maganar diyya a nan. Haka hukuncin yake ga wanda ya hana rarar abincinsa ko ruwansa ga wanda ya matsu. An kuma yi wa mai kayan adalci: idan mabuƙacin yana da kuɗi, ya biya. Idan ba shi da shi, ba a jira sai ya samu.

Dubi abin da aka ambata, ɗan'uwa. Zare. Ba raƙumi ba, ba gona ba. Malaman nan ba su sa shi a babin kyauta da neman lada ba, sun sa shi a inda ake maganar wajibi da lamuni. To mene ne zaren zamaninmu in ba allurar da ke cikin farmasi ba, da ledar ƙarin ruwa, da man motar da za ta ɗauko mai naƙuda daga ƙauye? Ba ina yanke wa kowa hukuncin diyya ba ne, wannan aikin alƙalai da manyan malamai ne. Abin da nake cewa shi ne mun sauya wa abin nan suna. Muna kiransa taimako, wanda in an ga dama a yi, alhali ceton ran da ake iya cetowa farilla ce a kan jama'a: wasu suka ɗauke, an sauke wa kowa, kowa ya ƙyale, laifi ya hau kan duk mai iko da ya sani.

Wani zai ce ai wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, tana da nata kason, kuma mai girma ne. Tun bayan taron Bamako na 1987 ƙasashenmu suka koma tsarin da majinyaci ke biyan wani abu daga aljihunsa. A 2006 Nijar ta ɗauke kuɗin jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar da na awon ciki, ga kuma tiyatar haihuwa da aka mayar kyauta. A watan Agustan 2024 hukumomi suka rage kuɗin ayyukan asibitocin gwamnati da rabi, suka mayar da haihuwa kyauta, suka soke jika 150 da mai wankin ƙoda kan ajiye kafin a fara masa. Wanda ya taɓa jinya ya san wannan sauƙi ne na gaske.

Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ganin likita daban, sayen abin da ya rubuta daban. Idan magani ya ƙare a CSI, takarda za a ba ka, ka nufi farmasi. Wanda aka turo daga Tanut ko Gure ko Magarya zuwa babban asibitin Damagaram, akwai kuɗin hanya a kansa, akwai gwaje-gwaje, akwai cin masu jinya na kwana da kwanaki a garin da ba su san kowa ba. Mai hawan jini da mai ciwon suga da mai sikila kuwa, tasu takardar ba ta ƙarewa, duk wata sabuwa ce. Ma'aikacin gwamnati ko na babban kamfani yana da wanda ke ɗauke masa wani kaso. Manomi fa? Ɗan kabu-kabu, da mai tura ruwa, da tsohuwa mai ƙosai, da ɗan tebur a kasuwar Dole? Inshorarsu ita ce akuyar da ke ɗaure a tsakar gida. In ta tafi sai tunkiya, sai san noma, sai a jinginar da gona, sai bashi mai ruwa. Ciwo kuma ya fi tsananta a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, tsakiyar damana, inda masassarar cizon sauro da tamowa kan haɗu a kan yara. Saboda tsoron kuɗi ake ajiye yaro a gida ana ba shi jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin 'yan talla, sai jini ya ƙare a ruga da shi, abin da jika 2 za ta yi a ranar farko ya koma na jika 20.

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu ma ba su san abin da doka ta riga ta ba su ba. Manyan asibitoci suna da ofishin kula da marasa hali, kuma akwai takardar shaidar rashin hali da ake nema a ofishin magajin gari. Baƙauye da ya iso da dare, ba ya jin Faransanci, ina zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa? Kai da ka yi lakwal, raka shi ɗin nan ma zare ne.

Mu dawo kan zakka, domin a nan ne muka fi sakaci. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa mutum takwas da ake bai wa zakka, a cikinsu akwai faƙiri da miskini da wanda bashi ya yi wa katutu. Wanda ya ci bashi don jinyar ɗansa ya shiga ta ƙofa biyu ko uku. A mazhabarmu ta Malikiyya har mamacin da ya bar bashi ana iya biya masa daga zakka, kuma asali ana rabon ta ne a wurin da ta wajaba, ba a kwashe ta zuwa nesa alhali ga mabuƙata a kusa. Ginin masallaci kuwa ba ya cikin takwas ɗin nan a wurin malaman mazhabobi huɗu. Ina faɗin haka da girmamawa, domin na ga masallatan da aka sauya wa tayil sau biyu, maƙwabcin da bangonsa ke manne da nasu yana sayar da ƙofar ɗakinsa don ya sayi magani.

Kuma ba zakkar attajirai kaɗai ake nufi ba. Mai dukiyar da ta kai nisabi ta shekara yana fitar da ɗaya cikin 40. Manomin da amfaninsa ya kai nisabi yana fitar da ɗaya cikin 10 idan ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin 20 idan shi ya wahala da ban ruwa. Mai awaki ko tumaki 40 yana fitar da guda. A ƙasar gero da kiwo irin tamu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin takaici shi ne yadda ake farfasa zakkar kuɗi dala ɗari-ɗari, a tara jama'a a ƙofar gida suna turereniya, kowa ya tafi da abin da ba zai kai shi gobe ba. Da an dunƙule ta an fitar da gida uku daga bashin asibiti, da ta fi kusa da manufarta.

Amma zakka sau ɗaya take zuwa a shekara, ciwo kuwa ba ya duba wata. Shi ya sa nake ganin kowane masallacin da ake salloli biyar a cikinsa ya kamata ya kasance da asusun majinyata na dindindin, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Yi lissafin da kanka. Mutum 100, kowa ya ajiye dala ashirin ranar Juma'a, jika 10 ke nan a mako, jika 520 a shekara. Ba za ta yi wa kowa tiyata ba, amma takarda nawa irin ta jika 14 ɗin nan za ta saya? Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Iyayenmu mata sun daɗe suna adashi, ƙauyukanmu sun san gayya da rumbun tsimi. Buhari da Muslim sun ruwaito yabon da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi wa Ash'arawa, waɗanda in guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage wuri guda su raba daidai. Masu ƙyamar inshora saboda garari da riba su ma su kwantar da hankali: majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ta zauna a Jidda a 1985, wadda ta hana inshorar kasuwanci, ita ce ta halatta ta taimakon juna da aka gina a kan kyauta. A Alƙahira, asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a 1284 da waƙafi yake tafiya, mai kuɗi da maras shi duk ana duba su. A nan kusa, hukumar zakka da waƙafi ta jihar Sakkwato tana ware kaso don maganin marasa hali.

Na san abin da ke kashe irin wannan asusu, kai ma ka sani: rashin amana da zargi. Don haka kada kuɗi ya kwana a hannun mutum ɗaya, ko da liman ne, don a tsare masa mutuncinsa. A sa mutum uku, a rubuta shige da fice, a karanta wa jama'a lissafi duk wata ba tare da an ambaci sunan wanda aka taimaka ba. A raba jaka biyu, domin zakka tana da sharuɗɗanta: ba a jinkirta ta, ana mallaka wa mai haƙƙi ne ko a biya da izininsa, kuma ba ka bai wa wanda ciyar da shi ya riga ya wajaba a kanka. Jakar sadaka ita ce mai faɗi, tana isa ga maƙwabci ko da ba Musulmi ba ne. A sa mace mai hankali a cikin lamarin, domin mafi yawan ciwon da ke kashewa a ɓoye yana cikin gida ne, inda namiji ba ya shiga, kuma mata ba sa miƙewa bayan salla su nuna takarda.

Macuta fa, masu yawo da tsohuwar takarda masallaci-masallaci? Akwai su. Maganinsu ɗan tattaki ne: mutum ɗaya ya bi mai takarda zuwa gadon majinyaci, a sayi maganin a farmasi a miƙa, maimakon a ba da kuɗi a hannu. Mai gaskiya zai yi murna da rakiya, maƙaryaci zai sulale tun a bakin ƙofa. Tattakin nan kuma shi ne gaida maras lafiya da muka mayar aikin dangi kawai, alhali a hadisin ƙudusi da Muslim ya ruwaito Allah zai tuhumi bawa ranar alƙiyama a kan majinyacin da bai je dubawa ba.

Akwai kuma waɗanda ba za ka taɓa ganinsu da takarda a sahu ba, ko da ciwo zai kashe su. Dattijon da ya saba bayarwa, malamin allo, matar da mijinta ya tafi ci-rani Libiya ko Aljeriya shiru. Alamarsu ɗaya ce: gurbinsu a sahu ya zama wayam. Idan ka kwana uku ba ka ga wanda kafaɗarsa ta saba gogar taka ba, kada ka jira sanarwar ladan. Je ka yi sallama, kuma kada ka tsaya a "yaya jiki", domin amsarta kullum "da sauƙi" ce. Ka ce ya nuna maka abin da likita ya rubuta.

Juma'ar nan mai zuwa, bayan an sallame, ka sami liman da na'ibinsa da dattawa biyu ka karanta musu wannan. In sun amince, a sayi littafin rubutu da ƙaramin akwati mai makulli biyu, a fara da abin da ya samu a ranar.

Allah Ya bai wa marasa lafiyarmu lafiya, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.